Takalmin Kansila

Wata Laraba cikin watan Janairun da ya wuce, ina tsaye bakin allo, yara sun cusa hannuwa cikin hammata saboda ɗari, sai na hango mutum tafe ta hanyar da ta ratso gonaki. Hazo ya rufe ko'ina, ko kukar da ke bayan makaranta ba a gani, amma tafiyar ba ta ɓoyu mini ba. Kafaɗa ɗaya ta karkace saboda nauyin jaka, rawani ya rufe baki da hanci, ga tsohuwar kwat a kan riga. Yaran da ke kusa da ƙofa suka fara raɗa: "Ga Kansila nan."

A takarda dai ba kansila ba ne. Tun ranar 4 ga Afrilun 2024, da Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu kan dokar da ta rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, babu sauran kansila ko ɗaya a Nijar. Amma a ƙauyukanmu na Bazaga sunan ya liƙe masa, kamar yadda tsohon soja ke mutuwa ana ce masa Saje. Ni Mushe nake ce masa, domin shi ya koya mini riƙe alli, shi kuma ya matsa wa mahaifina har aka bar ni na tafi makarantar horon malamai ta Tawa. Ba zan faɗi sunansa ba. Bai ba ni izini ba, kuma waɗanda suka san shi sun riga sun gane.

Na fito na durƙusa na gaishe shi. "Mushe, lafiya da wannan sanyi?"

"Lafiya lau, ɗana. Sunayen yaran da ba su da takardar haihuwa nika so. An ce alƙali zai fito ƙauyuka, kada ya zo ya iske mu muna barci."

Na duba ƙafarsa. Takalmin roba ne, dunduniya ta cinye gefe guda, faso ya tsattsage masa diddige. Mutum ne da ya doshi shekara 70. Tun daga ranar nake son in yi wannan rubutu, domin ina ganin mu malamai da iyayen yara mun yi wata asara da har yanzu ba mu zauna mun lissafa ta ba.

Wanda bai zauna karkara ba zai ɗauka sanyi lokacin hutu ne. Ga kansila shi ne lokacin aiki. Da damina kowa na gona, kuma kwari kan yanke hanya. Da bazara rana ba ta barin tsoho ya yi nisa. Amma da an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, samari sun kama hanyar bida zuwa Abijan ko Legas ko Libiya, wasu sun gangara fadamun Ƙonni da Tsarnawa da Galmi aikin albasa, sai gari ya rage tsofaffi da mata da yara, wato mutanen da suka fi kowa bukatar wanda zai karanta musu takarda. A lokacin ne masu gari ke tattara haraji. Ƙarshen shekara ne majalisa ke zaman kasafin kuɗi, inda ake yanke ko ƙauyenku zai samu aji ko rijiya ko sai wata shekara. Har zaɓen ma cikin sanyi yake faɗowa: in ban da na farko da aka yi ranar 24 ga Yulin 2004, sauran biyun, na 11 ga Janairun 2011 da na 13 ga Disambar 2020, duk cikin hunturu aka yi su. A waɗannan biyun aka zaɓi Mushe.

Mutane da yawa ba su san cewa doka ba ta yanka wa kansila albashi ba. Ɗan kuɗin zama yake samu idan majalisa ta zauna, kuma zaman da aka wajabta sau 4 ne a shekara. Duk sauran yawon daga aljihunsa yake fita. Mushe yana da tsohon babur, amma fanshon malamin firamare ba ya ɗaukar mai kullum, balle tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, man kwalba na bakin hanya da duk yankinmu ya dogara da shi ya yi tsada. Na taɓa ce masa in haɗa shi da wani ɗan kabu-kabu, ni zan riƙa biya. Ya yi dariya ya ce mai babur hannu ɗaya yake ɗagawa ya wuce, amma mai ƙafa dole a tare shi.

Da farko na ɗauka maganar tsofaffi ce ta rufin asiri. Sai da na bi shi wata Asabar na gane. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba muka yi ta cikin awa uku. A bakin rijiya mata suka tsayar da shi, famfon ƙauyensu ya lalace tun kaka, kuma wanda ke riƙe da kuɗin gyara ya tafi bida da su. A gindin wata bedi wani dattijo ya jawo shi gefe, maganar iyakar gona. Wata tsohuwa ta biyo mu da sanda, ba ta ce komai ba sai da na matsa, ashe jikarta ce aka cire daga aji shida za a yi mata aure, ita kuwa ba ta so, amma ba ta da bakin faɗa a gidan. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai hau mota ya je ofishin magajin gari ya faɗi abin da ya faɗa a bakin hanya. Mushe yana da kaye irin na ƴan makaranta, kowace magana sai ya rubuta ta da kwanan wata. Ba duka yake iya warwarewa ba, ko rabi ma. Maganar yarinyar nan bai ci nasara ba, kuma har yau idan aka tuna masa sai ya yi shiru.

Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne takardun fansho, kuma a nan nake roƙon ƴan'uwana malamai su karanta a hankali.

Wani abokin aikinmu ya rasu shekaru kaɗan bayan ya yi ritaya, ya bar mata biyu da yara ƙanana. Doka ta ba matan mamaci da marayunsa haƙƙi a cikin fanshonsa. Amma haƙƙin yana cikin takarda, matan kuwa ba wadda ta taɓa shiga aji. Aurensu duka biyu a masallaci aka ɗaura, da goro da shaidu, ba wanda ya je ya rubuta. Yara uku ba su da takardar haihuwa. Sannan ga babbar matsalar: a takardar ɗaukarsa aiki an rubuta sunan mahaifinsa da harafi ɗaya a farko, a takardar haihuwarsa babu harafin. Kun san yadda rubutun Faransanci ya yi da sunayenmu, Abubakar ɗaya sai ya zama mutum uku, ya danganta da magatakardan da ya riƙe alƙalami ranar. Sau biyu ana mayar da takardun. Ban ga laifin ma'aikacin da ya mayar da su ba, domin a gabansa mutum biyu ne daban.

Mushe ne ya ɗauki wannan kaya. Ya nemo takardar mutuwa. Ya tara dangi aka yi zaman gado, ya kai su gaban alƙali a Ƙonni. Ya nemo dattawan da suka halarci ɗaurin auren, ɗaya ma sai da aka ɗauko shi a amalanke, suka ba da shaida. Ya sa aka gyara sunan. Ya kai takardun Tawa, ya bi su da waya har Yamai ta hannun wani tsohon abokinsa na ƙungiyar malamai. Sanyi biyu aka yi ana wannan. A tsakani uwargidan ta sayar da awakinta, babban ɗan ya bar makaranta ya tafi bida, kuma ko da kuɗin suka fito bai dawo aji ba. Ranar da aka fara biyan su, amaryar ta aiko wa Mushe da zabi biyu. Ya karɓi ɗaya don kada ta ji kunya.

Hukumar CARENI mai kula da fanshon ma'aikatan gwamnati hedkwatarta na Yamai, sama da kilomita 400 daga Ƙonni. Komai kyan niyyar waɗanda ke cikinta, ba za su san cewa matarka ba ta da takardar aure ba. Kai ka sani. Ni da nake wannan wa'azi, sai bayan rasuwar abokin nan na buɗe akwatina na tarar ranar haihuwata iri biyu ce a takardu biyu. Malam, ka duba naka tun kana da ƙafa. Ka rubuta aurenka. Ka tara takardun ƙarin girmanka wuri ɗaya, ka nuna wa iyalinka inda suke. Ƴan'uwanmu na kwantaragi kuwa, waɗanda su ne suka cika azuzuwan karkara, nasu ya fi tsanani, domin muddin mutum bai samu lambar aiki ba, ba ya cikin wannan lissafi, ko ya shekara 10 yana shaƙar alli.

Wannan ya kawo mu ga ƙungiya, inda ni da Mushe muka fi saɓawa. Shi ɗan SNEN ne tun yana saurayi, lokacin tana ƙarƙashin USTN. Yana cikin waɗanda suka yi yajin aiki bayan an harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma har yau yana alfahari cewa ma'aikata da ɗalibai ne suka tilasta aka yi babban taron ƙasa na 1991. Ya ga shekarun da ake wata da watanni ba albashi. A wurinsa malamin da ba ya cikin ƙungiya kamar akuya ce da ta bar garke. Ko bayan ritaya, duk taron da malaman yankin za su yi sai an gan shi a kujerar baya.

Ni ma ina biyan kuɗin ƙungiya, kuma na san ba don ita ba da an taka mu fiye da haka. Amma na sha faɗa masa cewa duk yajin aikin da muka yi, ɗan talakan ƙauye ne ya biya. Ɗan minista yana makarantar kuɗi a Yamai, ko ranar ɗaya bai rasa ba. A 2017, da minista Dauda Mamadu Marte ya ce sai an yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, Mushe ya tsaya kai da fata cewa wulakanci ne a zaunar da malami a kan bencin ɗalibinsa. Ni na ce masa hanyar ba ta yi kyau ba, amma mu ma mun san akwai waɗanda aka ba aji alhali ba su iya abin da za su koyar ba, kuma mun rufe baki saboda ƴan'uwanmu ne. Mun yi kusan wata ba ma doguwar magana.

Sai dai akwai abin da na gani a wurinsa wanda ban gani a wurin shugabannin ƙungiya na birni ba. Saboda shi kansila ne, iyayen yara suna kawo masa ƙarar malamai. Saboda shi ɗan ƙungiya ne, malamai suna kawo masa kukansu. Wata shekara mutanen wani ƙauye suka zo a fusace, malaminsu ya yi sati biyu ba a gan shi ba. Mushe ya bincika, ya tarar yaron yana Ƙonni yana jiran ɗan kuɗinsa da ya makara, ko na mota ba shi da shi. Ya koma ya gaya wa iyayen gaskiya, har suka haɗa masa hatsi. Sannan ya kira malamin gefe ya wanke shi tas: ko ba ka da ko dala, ka aiko a faɗa wa mutane, kada ka bar yara suna zuwa suna zama cikin sanyi suna jiran wanda ba zai zo ba. Ban san wani ofishi da zai iya yin waɗannan abubuwa biyu a yini ɗaya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake kwatantawa, ko kuma zamanin kansiloli zamanin adalci ne. Na ga yaƙin neman zaɓen Disambar 2020 da idona. Na ga atamfa da sabulu da sukari suna yawo da dare. Na ga malamai sun bar aji sun bi motocin jam'iyya da fatan a mayar da su birni. Mushe kansa, mutumin da ya koya mana cewa ƙarya haramun ce, na ji shi a dandali yana yi wa wani ƙauye alkawarin azuzuwan siminti guda uku, alhali ya fi kowa sanin abin da ke cikin asusun ƙaramar hukuma. Da na yi masa magana sai ya ce, "Ɗana, in ban faɗa ba wani zai faɗi shida." Amsar ba ta gamsar da ni ba, har yau.

Tsarin kansa yana da rauni. Ba mutum muke zaɓa ba, jerin sunayen jam'iyya muke jefa wa ƙuri'a, kuma wanda zai hau saman jerin a birni ake yanke shi. Kansiloli ne ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu, sai kujerar ta zama abin ciniki, yau a naɗa, gobe a haɗa kai a tsige. Kansiloli da yawa ba su karanta Faransanci, ana miƙa musu kasafin kuɗi su ɗaga hannu kan abin da ba su gani ba. Majalisun da aka zaɓa a 2011 wa'adinsu shekara 5 ne, amma aka yi ta ɗage zaɓe ana ƙara musu lokaci har 2020, kuma gwamnatin farar hula ce ta yi haka. Saboda haka ranar da aka rushe su, ban ga wanda ya yi kuka a kasuwa ba. Wasu ma cewa suka yi gara haka.

To, amma me aka sa a gurbinsu? Kantoma ɗaya, wanda aka naɗo daga sama. Ba ina zargin kowane kantoma ba ne. Na ji ana yaba wasu, an ce sun fi waɗanda suka gada tsare dukiyar jama'a, kuma ba ni da dalilin musantawa. Matsalata lissafi ce irin ta aji uku. A da kowane yanki na ƙaramar hukuma yana da wani nasa a majalisa, wanda aka san gidansa, aka san surukansa, wanda idan ya yi ƙarya za a tare shi a wurin jana'iza a tambaye shi. Akwai mata a cikinsu, domin dokar 2019 ta ɗaga kason da aka ware zuwa kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe, kuma akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. Yanzu mutum ɗaya ne, da ƙafa biyu, kuma wanda ya naɗa shi ne kaɗai zai iya tambayarsa. Ko ya fi kowa tsoron Allah, ba zai tsaya a bakin kowace rijiya ba.

Mu ƴan makaranta abin ya fi shafa. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na harkar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Gina aji da gyara shi da sayen benci suna cikin abin da ake yankewa a can. Ajin da nake koyarwa a ciki na zana ne. Kowace shekara sai an gama girbi iyaye su kawo kara a kafa shi, shi ya sa karatunmu ba ya kankama sai sanyi ya shiga. Duk malamin da ke cikin irin wannan aji bai manta da Afrilun 2021 ba, da wuta ta cinye yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, da kuma Nuwambar shekarar a Maraɗi, inda fiye da haka suka rasu. Idan iska ta taso da hantsi, ina koyarwa ne ido ɗaya a kan allo, ɗaya a kan gidan da ke kusa inda ake hura wuta. A da na san wanda zan gaya wa, kuma na san ranar da za a zauna, har in na ga dama in je in saurara. Bara da kwamitin makarantarmu ya rubuta takarda, mun kai, an karɓa da mutunci, aka ce za a duba.

Na san halin da ƙasa take ciki. Na san akwai yaƙi, kuma a Maris ɗin 2025 an rushe jam'iyyun siyasa gaba ɗaya, an tsayar da wa'adin shekara 5. Ba ina kiran a dawo da atamfa da sukari ba ne. Abin da nake cewa shi ne, duk ranar da za a koma ga zaɓe, a fara da na ƙasa, na ƙauye, kafin na kujerun Yamai. Kuma a gyara shi yadda za mu zaɓi mutum da sunansa da fuskarsa, kowane gungun ƙauyuka da nasa. Kafin wannan rana, ba abin da ya hana kantoma ya tara masu gari da kwamitocin makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata sau biyu a shekara, ya karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita. Tunda sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, a karanta shi da Hausa, a liƙa shi a ƙofar ofishi da Hausa, mu ga ko ɗan aji shida ba zai iya karanta wa ubansa ba.

Mu ma da namu. Iyaye, kwamitin makaranta shi ne kaɗai abin da ya rage a ƙauye wanda ku kuke zaɓa da hannunku. Ku daina barin shi ga duk wanda maigari ya nuna. Malamai kuma, mu ne muka iya takarda a ƙauyukan nan, kuma yawancinmu da an tashi ranar Juma'a sai mu hau babur mu nufi Ƙonni ko Malbaza ko Illela, ba a sake ganinmu sai Litinin. Ni ma haka nake yi, iyalina suna gari. Amma na fara tambayar kaina wa zai ɗauki jakar Mushe. Na lissafa malaman da muke tsara ɗaya a yankin, ban samu wanda zan ce shi ne ba, har da ni.

Ranar Larabar nan na shiga aji na ce duk wanda bai taɓa ganin takardar haihuwarsa ba ya ɗaga hannu. Hannu 19 suka tashi. Mushe ya zauna a kan benci ɗaya da yara, ya buɗe kayensa, yana tambayar kowane yaro sunan uba da na uwa, yana maimaita harafi ɗaya ɗaya, yana sa ni in duba ko haka yake a rajistar makaranta. Biyu ba su dace ba, muka gyara. Na aika aka kawo masa kunu mai zafi, ya sha rabi a tsaye. Na ce ya jira a tashi in kai shi a babur, ya ce akwai makaranta biyu a gaba, kuma yana son ya iske diraktan ta biyun kafin azahar. Ya gyara rawaninsa, ya rataya jakar, ya bi ta bayan kukar.